Dutsen Bohan ɗan Ra'ubainu: tambayoyi da amsoshi kan alamar iyaka tsakanin Yahuza da Biliyaminu

Mai karanta Littafin Joshuwa yakan ji daɗin surorin farko, inda jama'ar Isra'ila suka ƙetare kogin Urdun, garun Yariko ya rushe, sarakunan Kan'ana suka yi gayya aka fatattake su. Amma da zarar ya kai sura ta 13, inda aka shiga rabon ƙasa, sai ya tarar da jerin sunayen garuruwa da kwaruruka da maɓuɓɓugan ruwa, a nan ne kuma mutane da yawa suke tsallakewa su nemi inda labari ya ci gaba. A cikin wannan jeri aka ambaci wani dutse har sau biyu, ana kiransa Dutsen Bohan ɗan Ra'ubainu. Tambayoyin da ke ƙasa sun shafi wannan dutse da iyakar da yake tsaye a kanta, domin ni a ganina wanda ya fahimci dalilin da ya sa aka rubuta sunan dutse guda a cikin Littafi Mai Tsarki ya fahimci abin da gado yake nufi a wurin mutanen wancan zamani.

Mene ne Dutsen Bohan, kuma a ina aka ambace shi?

Dutse ne da yake kan iyakar da ta raba rabon kabilar Yahuza, wadda take kudu, da rabon kabilar Biliyaminu, wadda take arewa, a ɓangaren gabas na iyakar, kusa da inda kwarin Urdun ya ƙare tuddai suka fara. An ambace shi a Joshuwa 15:6, lokacin da ake bayyana iyakar arewa ta Yahuza, sannan a Joshuwa 18:17, lokacin da ake bayyana iyakar kudu ta Biliyaminu. Ban da waɗannan ayoyi biyu, babu wani wuri a dukan Littafi Mai Tsarki da aka sake kawo sunan dutsen ko sunan mutumin da ake danganta shi da shi.

Daga ina iyakar ta tashi, ta ina kuma ta bi?

Idan aka bi sura ta 15, iyakar ta tashi ne daga arewacin Tekun Gishiri, daidai inda Urdun yake zubawa cikin tekun. Wannan wuri yana cikin mafi zurfin ƙasa a doron duniya, domin a yau ruwan tekun yana kimanin mita 430 ƙasa da bakin babban teku. Daga nan iyakar ta hau zuwa Bet-hogla, ta wuce ta arewacin Bet-araba, sannan ta hau zuwa Dutsen Bohan. Har zuwa nan mai tafiya yana cikin fili mai zafi da ƙasa mai gishiri, tuddan jejin Yahudiya kuma suna tsaye a gabansa ta yamma kamar katanga.

Daga dutsen sai iyakar ta hau zuwa Debir ta wajen Kwarin Akor. Wannan Debir daban take da wadda ke kusa da Hebron, wadda Otniyel ya ci da yaƙi a wannan sura, kuma masana suna ganin sunanta ya saura a sunan Wadi Dabr da ke yankin. Bayan nan iyakar ta juya arewa zuwa Gilgal, daura da Hawan Adummim wanda yake kudancin kwazazzabo, kwazazzabon da galibi ake ɗauka shi ne Wadi Kelt na yanzu. Adummim a Ibrananci yana nufin jajaye, saboda jan dutsen da ke wurin, Larabawa kuma suna kiran hawan Tal'at ad-Dam, wato hawan jini. Ta nan tsohuwar hanyar Yariko zuwa Urushalima ta bi, hanyar da Yesu ya kafa misalin Basamariye mai tausayi a kanta a Luka sura ta 10.

Iyakar ta ci gaba zuwa ruwan En-shemesh, wato maɓuɓɓugar rana, wadda akasari ake cewa ita ce Ain Haud a gabashin Betanya, sannan ta fito a En-rogel, wadda ake kira Bir Ayyub a yau, kusa da mahaɗar kwarin Kidron da kwarin Hinnom. Daga nan ta bi kwarin Hinnom ta kudancin birnin Yebusiyawa, wato Urushalima, ta hau kan tudun da ke arewacin kwarin Refayawa, ta miƙe zuwa maɓuɓɓugar Neftowa, wadda ake ɗauka ita ce ta Lifta, har ta kai Kiriyat-yeyarim kusa da Abu Gosh na yanzu, garin da akwatin alkawari ya yi shekara 20 a cikinsa. A nan maƙwabtakar Biliyaminu ta ƙare, amma iyakar Yahuza ta ci gaba ta Bet-shemesh da Timna da Ekron da Yabneyel har zuwa Bahar Rum. Wanda zai bi wannan layi da ƙafa daga bakin Urdun zuwa Urushalima zai yi hawan da ya wuce mita 1,100 a cikin tafiyar yini guda.

Abin lura shi ne yawan maɓuɓɓugan da ke kan layin. A ƙasar da ruwa yake da tsada haka, kafa iyaka a kan idon ruwa yana nufin makiyayin Yahuza da makiyayin Biliyaminu duka suna da ta cewa a wurin, kuma wuri ne da babu wanda zai ce bai san shi ba.

Me ya sa wata aya ta ce iyakar ta hau zuwa dutsen, ɗayar kuma ta ce ta gangara zuwa gare shi?

Saboda surorin biyu sun bi layi guda ne daga fuskoki biyu. Sura ta 15 ta fara daga gabas, daga Tekun Gishiri, tana tafiya yamma, don haka galibin tafiyar hawa ce. Sura ta 18 kuwa ta fara daga Kiriyat-yeyarim a yamma, ta bi Neftowa da Hinnom da En-rogel da En-shemesh, ta gangaro zuwa Dutsen Bohan, ta ƙare a bakin Urdun. Duk wanda ya ɗauki takarda ya rubuta sunayen sura ta 15 daga sama zuwa ƙasa, ya rubuta na sura ta 18 daga ƙasa zuwa sama, zai ga sun yi daidai kusan suna bayan suna.

Wannan daidaito shi ne abin da ya fi ɗaukar hankalina a dukan zancen. Iyaka ba ta tabbata da faɗar mutum ɗaya. Sai maƙwabta biyu sun tsaya kowa a nasa ɓangaren sun nuna abu guda. Littafin ya rubuta iyakar da bakin Yahuza, ya sake rubuta ta da bakin Biliyaminu, kuma su biyun suka haɗu a kan dutsen nan. Kalmomin hawa da gangara kuma suna taimaka wa masu bincike, domin sun nuna cewa dutsen yana sama da filin Bet-hogla da Bet-araba, amma yana ƙasa da Hawan Adummim, wato a gindin tuddai ko a kan gangarensu na farko.

Akwai ƙananan bambance-bambance. Wurin da sura ta 15 ta kira Gilgal, sura ta 18 ta kira shi Gelilot, kalmomin biyu kuma daga saiwa ɗaya suka fito, wadda take da ma'anar zagaye ko kewaye. Haka nan sura ta 18 ba ta ambaci Debir da Kwarin Akor ba.

Wane ne Bohan?

Littafin bai ba da labarinsa ba. An lissafa 'ya'yan Ra'ubainu a wurare huɗu, wato Farawa 46:9 da Fitowa 6:14 da Littafin Ƙidaya 26:5-6 da 1 Tarihi 5:3, kuma a ko'ina sunaye huɗu ne: Hanok da Fallu da Hesruna da Karmi. Babu Bohan a cikinsu. Wannan bai zama matsala ba, domin kalmar ɗa a Ibrananci takan ɗauki jika da tattaɓa-kunne da duk wanda ya fito daga zuriya, kamar yadda ake ce wa dukan al'ummar 'ya'yan Isra'ila. Saboda haka fassarar da ta fi sauƙi ita ce Bohan mutum ne daga kabilar Ra'ubainu.

Akwai wata fassara da ta dogara da harshe. Kalmar bohen a Ibrananci tana nufin babban yatsa, na hannu ko na ƙafa, ita ce aka yi amfani da ita a Fitowa 29:20 inda ake shafa jini a babban yatsan firist, da kuma Littafin Mahukunta 1:6-7 inda aka yanke manyan yatsun sarki Adoni-bezek. 'Yar'uwarta a Larabci ita ce ibham. Don haka wasu masana suna ganin asalin sunan shi ne dutsen babban yatsa, saboda siffarsa ta tsayayyen dutse mai kauri, daga baya aka ɗauki sunan a matsayin na mutum. Fassarorin biyu ba lalle ne su yi karo ba, tun da ana iya yi wa mutum laƙabi da babban yatsa, laƙabin kuma ya bi dutsen da aka san shi da shi.

Kabilar Ra'ubainu ai a gabashin Urdun ta zauna. Me ya kawo sunanta yammacin kogin?

Wannan tambaya ce mai kyau, kuma ita ce ta fi ba masana aiki. Littafin Ƙidaya sura ta 32 ya nuna cewa mutanen Ra'ubainu da na Gad, saboda yawan dabbobinsu, sun roƙi Musa ya ba su ƙasar da ke gabashin Urdun, ya kuwa yarda bisa sharaɗin cewa mayaƙansu za su ƙetare tare da sauran 'yan'uwansu su yi yaƙi. Joshuwa 4:12-13 ya ce sun cika alkawari, mayaƙa kimanin 40,000 suka ƙetare zuwa filayen Yariko. To, filayen Yariko su ne yankin da dutsen yake. Daga nan ne masu tafsiri da yawa suka ce mai yiwuwa Bohan yana cikin waɗannan mayaƙa, ya yi wata bajinta ko ya mutu a wurin, aka kafa dutse don tunawa da shi. Wannan hasashe ne mai ma'ana, amma ya kamata mai koyarwa ya faɗe shi a matsayin hasashe, domin ayar ba ta faɗi haka ba.

Wasu masanan sun tafi nesa da haka, suka ce akwai lokacin da wani ɓangare na Ra'ubainu ya zauna a yammacin kogin kafin Yahuza ta haɗiye shi. Hujjarsu ita ce sunayen Hesruna da Karmi, waɗanda suke cikin 'ya'yan Ra'ubainu, sun sake fitowa a zuriyar Yahuza, kuma Akan, wanda aka jajjefe a Kwarin Akor aka tara tsibin duwatsu a kansa a Joshuwa sura ta 7, ɗan Karmi ne daga kabilar Yahuza. Kwarin Akor kuwa shi ne wurin da aka ambata dab da Dutsen Bohan a jerin iyakar.

Akwai kuma labarin Joshuwa sura ta 22, wanda bai kamata a wuce shi ba. Bayan yaƙi, da mutanen Ra'ubainu da Gad da rabin Manassa suke komawa gida, sai suka gina wani babban bagade a Gelilot kusa da Urdun. Sauran kabilu suka ɗauka tawaye ne, har suka yi shirin yaƙi, sai da aka aiki Finehas ɗan Ele'azara da shugabanni goma suka je suka ji bahasi. Amsar da aka ba su ita ce ba don hadaya aka gina shi ba, an gina shi ne don shaida, saboda tsoron kada wata rana jikokin mutanen yamma su ce wa jikokin mutanen gabas, Urdun ne iyaka tsakaninmu, ba ku da rabo a wurin Ubangiji. Littafin bai ce wannan bagade shi ne Dutsen Bohan ba, amma labarin ya nuna cewa mutanen Ra'ubainu suna da dalili mai ƙarfi na barin abin da zai riƙe sunansu a wannan gaɓar kogin.

An gano inda dutsen yake a yau?

Masana ba su haɗu a kan wuri guda ba. A ƙarni na 19, lokacin da Turawa masu bincike suke zagaya Falasɗinu suna tambayar makiyaya sunayen tuddai da rijiyoyi, an ba da shawarar wani babban dutse a arewa maso yammacin Tekun Gishiri wanda Larabawan yankin suke kira Hajar al-Asbah, kuma Bafaranshen masanin nan Charles Clermont-Ganneau yana cikin waɗanda suka yi rubutu a kansa. Abin da ya ja hankalinsu shi ne kamannin sunan da kalmar Larabci ta yatsa, wadda za ta dace da ma'anar bohen. Sai dai tabbatar da wannan ya dogara da inda aka sa Kwarin Akor, shi ma kuwa akwai saɓani a kansa: wasu suna sa shi a filin Buƙai'a da ke kan tudu a yammacin Kumran, wani kufai kusa da gaɓar arewa maso yamma ta Tekun Gishiri, wasu kuma suna sa shi kusa da Yariko. Idan kwarin ya matsa, dole dutsen ya matsa tare da shi.

Dutse ne na halitta, ko kuwa mutane ne suka kafa shi? Akwai rubutu a jikinsa?

Ayoyin biyu sun ce dutse kawai, da kalmar eben, wadda take ɗaukar dutsen da Allah ya halitta a wurinsa da kuma wanda mutum ya tayar. Ba a ambaci rubutu ba. Amma al'adar kafa dutse a ba shi suna sananniya ce a Isra'ila. Yakubu da Laban sun tara tsibin duwatsu a Gileyad suka yi rantsuwa cewa babu wanda zai ƙetare shi don ya cuci ɗan'uwansa, kamar yadda yake a Farawa sura ta 31. Joshuwa ya sa an ɗauko duwatsu 12 daga tsakiyar Urdun aka kafa a Gilgal, a ƙarshen rayuwarsa kuma ya kafa babban dutse a Shekem ya ce shi ne shaida a kan jama'a. Sama'ila ma ya kafa dutse ya sa masa suna Ebenezer.

Duwatsun iyaka masu rubutu kuwa an same su a yankin. A Babila, tun wajajen ƙarni na 14 kafin haihuwar Almasihu, ana sassaƙa duwatsun da ake kira kudurru, ana rubuta kyautar filin da sarki ya yi, tare da alamomin gumaka da la'ana a kan duk wanda ya taɓa iyakar. A ƙasar Isra'ila kanta, Clermont-Ganneau ɗin nan ne a shekarun 1870 ya fara gano rubuce-rubucen da aka sassaƙa a jikin duwatsu kewaye da tsohon garin Gezer, waɗanda suke cewa iyakar Gezer da haruffan Ibrananci, tare da sunan wani mutum da haruffan Girkanci. Waɗannan na zamanin da ya zo daga baya ƙwarai ne, kusa da zamanin Romawa, amma sun nuna yadda sunan mutum yake mannewa a jikin dutsen iyaka.

Yaya aka yi rabon ƙasar?

An yi shi da ƙuri'a, a gaban Ele'azara firist da Joshuwa ɗan Nun da shugabannin gidajen kakanni. Tun a Littafin Ƙidaya 26:52-56 aka kafa ƙa'ida cewa kabila mai yawa ta sami babban rabo, maras yawa ta sami ƙarami, amma ƙuri'a ce za ta nuna wurin. Kabilu biyu da rabi sun riga sun karɓi nasu a gabas, Yahuza da Ifraimu da sauran rabin Manassa suka karɓa da farko a yamma, aka bar kabilu bakwai suna jinkiri. Sai Joshuwa ya tara jama'a a Shilo ya tsawata musu, ya sa kowace kabila ta ba da mutum uku, suka zaga ƙasar suka rubuta bayaninta gari-gari a cikin littafi kashi bakwai, suka kawo masa ya jefa ƙuri'a. Ƙuri'ar farko ta faɗa kan Biliyaminu, rabonsa kuma ya fito tsakanin Yahuza da zuriyar Yusufu, da garuruwa 26. Kabilar Lawi ba ta sami yanki ba, sai garuruwa 48 da makiyayansu a cikin rabon sauran.

Babu taswira a hannun waɗanda suka zaga ƙasar, babu kuma na'urar awo irin ta yanzu. Abin da suke da shi shi ne ƙafa da ido da sunayen da mutanen wuri suka sani, shi ya sa bayanin iyakar ya fito kamar kwatancen hanya: ka hau nan, ka juya can, ka fito a rijiya kaza.

Me ya sa aka ɗauki alamar iyaka da wannan nauyi?

Domin a shari'ar Musa ƙasa ta Ubangiji ce, mutane baƙi ne a cikinta, don haka Littafin Firistoci 25:23 ya hana a sayar da ita sayarwa ta har abada, a shekara ta 50 kuma kowace gona takan koma gidan asalinta. Littafin Ƙidaya sura ta 36 ya ƙara da cewa gado ba zai tashi daga wata kabila ya koma wata ba, har aka umarci 'ya'yan Zelofehad mata, waɗanda suka gaji mahaifinsu, su yi aure a cikin kabilarsu. Wannan ne ya sa Nabot ya iya duban sarki Ahab ya ƙi sayar masa da gonar inabinsa, ko da an yi masa tayin wadda ta fi ta, domin gadon kakanninsa ce.

To, idan gado ba ya sayuwa, hanyar da ta saura wa azzalumi ita ce ya matsar da alama. Duk wanda ya tashi a karkara ya san yadda ake yin wannan, domin ba a yinsa a rana ɗaya: bana a ci kunya guda, baɗi a tumɓuke gambar da ke kan iyaka a dasa ta gaba kaɗan, har marayan da ya girma ya zo ya tarar gonar ubansa ta ragu, dattawan da suka san asalinta kuma sun ƙare. Saboda haka Maimaitawar Shari'a 19:14 ta hana kawar da alamar iyakar maƙwabci wadda na farko suka kafa, sura ta 27 aya ta 17 kuma ta sa shi cikin laifuffukan da Lawiyawa za su la'anta da babbar murya dukan jama'a su ce amin. Yawancin laifuffukan da ke wannan jeri irin waɗanda ake yi a ɓoye ne, waɗanda alƙali ba ya samun shaida a kansu. Karin Magana 23:10-11 ta haɗa hanin da gonakin marayu, ta ce mai fansarsu mai ƙarfi ne, shi zai tsaya musu. Ayuba ya lissafa masu kawar da iyaka tare da masu ƙwace garke.

Al'ummai da yawa sun yi tarayya a wannan hani. Tsohon littafin hikima na Masar da ake kira Koyarwar Amenemope ya gargaɗi mutum kada ya matsar da alamar gona, kada kuma ya ci iyakar gwauruwa. A Musulunci ma, Imam Muslim ya ruwaito hadisi daga Sayyidina Aliyu cewa Allah ya la'anci wanda ya canza alamar iyakar ƙasa.

A wace kabila Urushalima ta faɗa?

Bisa layin iyakar, a Biliyaminu ta faɗa, domin iyakar ta bi kwarin Hinnom ta kudancin birnin, ta bar shi a arewa, Joshuwa 18:28 kuma ya lissafa shi cikin garuruwan Biliyaminu. Amma Joshuwa 15:63 ya ce mutanen Yahuza ne suka kasa korar Yebusiyawan da ke cikinsa, Littafin Mahukunta 1:21 kuwa ya faɗi kusan wannan magana a kan mutanen Biliyaminu. Birnin yana kan iyaka ne sosai, yana hannun Yebusiyawa har zuwa lokacin da Dawuda ya ci shi ya mai da shi mazauninsa, kamar yadda yake a 2 Sama'ila sura ta 5. Masana tarihi suna ganin hikima a wannan zaɓi, domin Dawuda mutumin Yahuza ne, sarkin da ya gada kuma, wato Saul, mutumin Biliyaminu ne, sai ya zauna a birnin da yake tsakanin gidajen biyu. Bet-araba ma, wadda take maƙwabtaka da Dutsen Bohan, an lissafa ta a garuruwan Yahuza a 15:61, aka sake lissafa ta a na Biliyaminu a 18:22.

Kwarin Hinnom da ke kan wannan iyaka yana da alaƙa da kalmar Jahannama?

Masana harshe suna ganin yana da ita. Sunan kwarin a Ibrananci shi ne Ge-Hinnom. Saboda a cikinsa ne wasu sarakunan Yahuza suka ƙona 'ya'yansu hadaya ga gumaka, annabi Irmiya ya yi masa mummunan albishir, daga baya sunan ya zama sunan wurin azabar lahira a bakin Yahudawa, ya shiga Girkanci na Sabon Alkawari a matsayin Gehenna. Kalmar Larabci jahannam, wadda Hausa ta ara, ana danganta ta da wannan asali.

Joshuwa shi ne Yusha'u?

Wanda Musulmi suke kira Yusha'u bn Nun, mataimakin Annabi Musa, shi ne Joshuwa ɗan Nun na wannan littafi. Sai dai a kula, a tsohuwar fassarar Littafi Mai Tsarki ta Hausa sunan Yusha'u na wani annabi ne daban, wanda ya rayu a ƙarni na 8 kafin haihuwar Almasihu. Shi ma ya taɓa zancenmu, domin a sura ta 5 aya ta 10 ta littafinsa ya kamanta shugabannin Yahuza da masu kawar da alamar iyaka.

Yaushe aka rubuta wannan bayani na iyaka?

Littafin kansa ya ɗora rabon a zamanin Joshuwa, haka kuma al'adar Yahudawa da ta Kirista ta karɓe shi. Masanan zamani sun bambanta jerin iyakoki da jerin garuruwa. Bajamushen nan Albrecht Alt, a shekarun 1920, ya ce bayanin iyakokin tsoho ne, ya riga zamanin sarakuna, amma jerin garuruwan Yahuza ya fito ne daga tsarin gundumomi na zamanin sarki Yosiya, wanda ya yi mulki daga 640 zuwa 609 kafin haihuwar Almasihu. Wasu bayansa, irin su Zecharia Kallai, sun kai bayanin iyakokin zamanin Dawuda da Sulemanu. Ko wanne aka bi, sunan Bohan yana nuna tsufa, domin marubucin ya ambace shi ba tare da wani ƙarin bayani ba, kamar abin da masu sauraronsa suka riga suka sani tun daga kakanni.

Me ya faru da iyakar daga baya, kuma me mai ziyara zai gani a yau?

Da mulki ya rabu biyu bayan mutuwar Sulemanu, Biliyaminu ya tsaya tare da Yahuza, kamar yadda 1 Sarakuna 12:21 ya nuna, don haka iyakar da ake yaƙi a kanta ta koma arewacin Biliyaminu. A can ne sarki Ba'asha na Isra'ila ya fara gina Rama don ya tare hanya, sarki Asa na Yahuza kuma ya sa jama'arsa suka kwashe duwatsun da katakon suka gina Geba da Mizfa da su. Layin da ya bi ta Dutsen Bohan ya zama iyakar cikin gida tsakanin 'yan'uwa biyu a mulki ɗaya, amma mutane ba su manta da kabilarsu ba, domin har a zamanin Sabon Alkawari Bulus yana cewa shi daga kabilar Biliyaminu yake.

Ɓangaren gabas na layin yana cikin Yammacin Kogin Urdun, yankin da Isra'ila ta mamaye tun 1967, babbar hanyar mota da ke gangarawa daga Urushalima zuwa Tekun Gishiri kuma tana bi ta Hawan Adummim, inda har yanzu ake ganin jan dutse a gefen hanya. Bir Ayyub tana nan a unguwar Silwan. Maɓuɓɓugar Lifta tana zuba a cikin wani tafki na dutse, tsakanin gidajen ƙauyen Falasɗinawa da mazaunansa suka bar shi a 1948. A ƙasa kuma, kudu maso gabas da Yariko, sunan Bet-hogla ya saura a Ain Hajla da gidan sufaye na Deir Hajla, haka nan taswirar Madaba, wadda aka shimfiɗa da ƙananan duwatsu masu launi a daɓen wata majami'a a ƙasar Jodan a ƙarni na 6, ta nuna garin da sunansa a kusa da bakin kogin.